Kifin da Shohag Ya Bari

Akwai wani mutum a unguwarmu ta Mirpur, a birnin Dhaka, mai suna Anisur. Dillalin tayil ne, kuma Allah Ya buɗa masa. Amma in kana so ka ga haƙoransa, kada ka tambaye shi kasuwa. Tambaye shi kifayensa.

Ku da kuke wannan shafi kun san irinmu, masu kiwon manyan kifaye a cikin gida. Mutum bai san lambar takalmin 'yarsa ba, amma ko daga barci aka tashe shi zai faɗa maka tsawon kifinsa arowana. To, Anisur ya fi mu duka nisa a wannan ciwo.

Tankin gilashin da ke falonsa ya cinye bango guda. A ciki akwai arowana mai ruwan azurfa, doguwa kamar takobi, yana kiran ta Begum. Akwai tarwaɗa mai jan wutsiya. Akwai kuma wani mai dogon baki irin na kada, wanda ke tsayawa cak a ruwa sai ka rantse icce ne. Duka ukun mafarauta ne, amma tun suna ƙanana suka tashi tare, kowa ya san iyakarsa.

Murfin tankin kuwa sai ƙato biyu ke ɗaga shi, saboda Begum takan yi tsalle.

A gidan akwai wani kifi na huɗu, amma shi ba a falo yake ba. Yana lungu, bakin ƙofar ɗakin mahaifiyar Anisur, a cikin wani tsohon tanki da duk ya karce. Kifin oska ne, baƙi mai ɗigon ja, ƙato, mai fuskar tsoho da aka ɓata wa rai. Sunansa Laddu.

Laddu ba na Anisur ba ne. Na ƙaninsa ne, Shohag.

Tun Shohag yana sakandare ya sayo shi a kasuwar Katabon, a lokacin bai wuce babban yatsa ba. A hannunsa ya girma. Shohag yakan ƙwanƙwasa gilashin da farce, sai Laddu ya taso yana rausaya, ya karɓi jatan lande daga yatsunsa. Duk wanda ya taɓa kiwon oska ya san ba ƙari na yi ba. Kifin nan yana gane mai shi, yana fushi, yana kuma shagwaɓa.

Daminar da zazzaɓin dengi ya yi ɓarna a Dhaka, ya tafi da Shohag. Saurayi ne, ko aure bai yi ba. Anisur yana ƙasar waje sayen kaya, sai kabari ya tarar.

Bayan an share makoki, ya ɗauko mahaifiyarsu, Jahanara, daga tsohon gidansu ya dawo da ita wurinsa. Ta bar gado, ta bar kabad, ta bar tukwanen aurenta. Abu ɗaya ta kafe a kai: tankin Laddu.

Kullum bayan sallar asuba takan ja 'yar kujerarta gaban tankin. Sai ta ƙwanƙwasa gilashin da farce, daidai yadda Shohag ke yi. Laddu ya taso yana rausaya. Ta ba shi jatan lande da hannunta, tana yi masa hira ƙasa-ƙasa.

"Kai tsohon banza, yau ma da fushi ka tashi? Ungo. Kada ka cije ni, ba ni na kashe zomon ba."

Nan ne kaɗai ake jin dariyarta a gidan.

Shi kuwa Anisur ba ya son bi ta lungun nan. In ya zo wucewa sai ya kau da kai. Tun ranar da ya dawo daga maƙabarta bai sake furta sunan ƙaninsa ba, in ma wani ya ambata sai ya ɗauko zancen farashin tayil. Kada ku ce mugu ne. Yana son mahaifiyarsa, magani da sutura da abinci ba ta taɓa nema ta rasa ba. Matsalarsa ɗaya ce. A ganinsa duk abin da ya ciyar, to ya gama da shi.

Wata Juma'a da yamma muna shan shayi a Katabon kamar yadda muka saba, sai ya kawo shawararsa. Zai zuba Laddu cikin babban tanki, ya ɗauki bidiyo ya sa wa 'yan ƙungiyarmu ta masu kiwon kifi.

"Oska mai wannan girma ba kowa ke da shi ba," in ji shi. "Yana can a kurkuku, gilashi duk ya dushe. Zan mai da shi gidan sarauta."

A cikinmu akwai Kawu Mozammel, tsohon ma'aikacin banki, wanda ya fi kowa daɗewa a harkar. Ya ajiye kofinsa ya dube shi.

"Kifin da ya shekara goma shi kaɗai? Ɗana, ka rufa wa tsohon nan asiri."

"Kawu, ya fi ƙarfin bakinsu. Ka san doka, abin da bai shiga baki ba, ba a haɗiye shi."

"Wa ya yi maka zancen haɗiya? In ka nace, to ka sa shamakin raga a tsakani, su yi ta kallon juna har su gaji. Ka kuma birkita duwatsu da itatuwan ciki, kowa ya manta ina ne ɗakinsa. Sannan kada ka kuskura ka rabu da tsohon tankin."

Anisur ya ƙyalƙyale da dariya.

"Raga a tsakiyar falona? In ɗauki bidiyon kifi ko na kejin kaji? Kawu, zamaninku a bahon wanki kuke kiwo."

"A bahon wankin na kashe kifayen da suka fi waɗanda ka taɓa ci yawa. Shi ya sa nake gaya maka."

"Nawa ba sa faɗa. Abin da suke ci a wata ya fi albashin direbana. Kifin da ya ƙoshi me zai nema a jikin wani?"

Kawu Mozammel ya girgiza kai, ya ce, "Ba don tuwo kaɗai ake faɗa ba." 

Da Anisur ya koma gida ya sanar da mahaifiyarsa. Sanarwa ce, ba shawara ba. Ta murza bakin mayafinta.

"Ya saba da wurinsa, Anis."

"Umma, can ya fi faɗi, ruwan ya fi tsabta. Za ki riƙa ganinsa daga kan kujera mai laushi, ki huta da wannan lungu."

"Ni lungun bai dame ni ba."

"Ki bar mini wannan, Umma. Na san kan kifi."

Ba ta sake cewa komai ba. Irin matan da suka tashi ba su saba maimaita magana ba ce, musamman a gidan da ba nasu ba. Shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin amincewa.

Ranar da matarsa Shefali ta raka ta asibitin ido, ranar ya yi aikinsa. Ya kira masu gadi suka ɗaga murfi, ya kamo Laddu da koma ya zuba. Babu raga, ko tsakuwa ɗaya bai gusar ba. Kafin la'asar mai sayen tarkace ya wuce da tsohon tankin a bayan kekensa.

Da Jahanara ta dawo, ba ta tarar da komai a bakin ƙofarta ba sai shatin ƙafafun tebur a ƙasa. Ta daɗe tsaye tana kallon shatin.

Bidiyon ya yi farin jini, ba zan ɓoye muku ba. Manyan kifaye huɗu suna shawagi a ruwa garau, babu mai taɓa wani. Yabo ya yi ta zuba. Anisur har ya tura wa Kawu Mozammel, ya rubuta a ƙasa, "Ina faɗan?"

Amma bidiyo minti ɗaya ne, yini kuwa dogo ne.

Begum ba ta ciji Laddu ba. Abin da take yi kawai, duk inda ya tsaya sai ta zo ta tsaya a samansa. In ya gusa ta bi shi. In ya sauka ƙasa, tarwaɗa ta bangaje shi daga gindin iccenta. In ya yi gefe, mai bakin kada ya juyo da kai a hankali. Tanki ya kai bango guda, amma babu taku ɗaya da ba shi da mai shi.

A ƙarshe ya samu wani ɗan saƙo a can ƙurya, bayan bututun tace ruwa. Ya cusa kansa a ciki, ya naɗe fukafukansa.

Washegari da asuba Jahanara ta fito falo da jatan lande a hannu. Murfin ya fi ƙarfinta, ko bakinsa ba ta kai ba. Sai ta ƙwanƙwasa gilashin da farce.

Laddu ya ji. Ya fito daga bayan bututun, ya nufo ta, har ya fara 'yar rausayarsa.

Bai kai rabin hanya ba Begum ta sheƙo daga sama ta doke shi da gefen jikinta. Ya wuntsila, ya koma ƙuryarsa da gudu har yana buga gilashi.

Tsohuwar ta dafe ƙirji. Tun daga ranar ba ta sake ƙwanƙwasawa ba. Ta gane cewa in ta kira shi zai zo, in ya zo kuma za a doke shi. Sai ta riƙa jan kujerarta zuwa gefen ƙuryar, ta zauna, hannayenta a cinya. Tana kallonsa, yana kallonta. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan zama nasu sai zuciyata ta karye.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Jan da ke jikin Laddu ya koɗe, baƙin ya koma toka-toka. In an zuba abinci manyan uku su yi wawaso, ruwa ya yi ta tafasa, Anisur ya yi murmushi ya ce kowa ya ci. Bai taɓa tsayawa ya duba wanda bai fito ba.

Shefali ce ta tare shi wata safiya yana ɗaura agogo.

"Maigida, kifin nan ba ya cin abinci."

"Baƙunta ce. Zai ware."

"Umma ma ba ta ci. Jiya shinkafarta da miyar wake yadda na kai haka na ɗauko."

"To a dafa mata abin da take so mana. Me aka rasa a gidan nan? Firji cike yake."

"Ba firji nake gaya maka ba."

Ya je gaban tankin ya leƙa, ya dawo yana buɗa hannu.

"Dubi da idonki. Ko ɓawo ɗaya bai rasa ba. Ina jini? Ina rauni? Ku mata in ba ku ga abin damuwa ba sai kun ƙirƙira."

A ranar ce mahaifiyarsa ta yi abin da ba ta saba ba, ta maimaita magana. Yana bakin ƙofa da jakarsa, zai tafi Chittagong fito da kaya daga tashar jiragen ruwa. Ta riƙo hannun rigarsa.

"Anis, ko a baho ne ka fitar mini da shi."

"Umma, oska a baho? Mutane su ji su ce me? Ki bari in dawo, zan sa a yanka masa sabon tanki, wanda ya fi na da kyau."

"Allah Ya kiyaye hanya," in ji ta, ta saki rigar.

Kaya suka maƙale a tasha, tafiyar kwana biyu ta zama mako. Shefali ta ga abin ba na jira ba ne. Ta san mijinta ya hana kowa taɓa murfin nan, amma ta runtse ido ta kira Kawu Mozammel.

Ya zo da safe da koma da babban baho a kan keken haya. Masu gadi suka ɗaga murfi. Ya zura komar bayan bututun, yana shirin kokawa, don oska ba ya kamuwa cikin sauƙi.

Babu wata kokawa. Laddu ya faɗo cikin komar kamar tsumma.

Suka sa shi a baho, aka sa masa na'urar ba da iska. Ya kwanta a gefe guda, bakinsa na buɗewa a hankali. Jahanara ta durƙusa, abin da gwiwoyinta suka daɗe ba su yarda da shi ba. Ta ƙwanƙwasa bakin bahon da farce.

Ya motsa wutsiya sau ɗaya. Kafin azahar ya daina numfashi.

Da yamma Anisur ya iso. Ya tarar da Kawu Mozammel zaune a falo, baho a gabansa. Ya ɗaga kifin ya jujjuya shi, yana neman inda aka cije shi. Bai samu ba.

"Amma Kawu, babu ko ƙwarzane..."

"Ba cizo ke kashe su ba, ɗana. Ya rasa inda zai tsaya ne."



Jahanara ta fito daga ɗaki da wani tsohon tawul mai ratsin ja, wanda Shohag ke ratayawa a wuya in zai wanke tanki. Ta naɗe kifin a ciki. Shefali ta riƙe ta suka hau saman bene, suka binne shi a cikin babbar tukunyar da aka shuka lemun tsami. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da abin ya zo da sauƙi.

Shi kuwa Anisur ya yi abin da ya iya. Washegari tun kafin a gama buɗe shaguna yana Katabon. Ya bi layin kaf har ya samu oska mai girman Laddu, baƙi mai ɗigon ja. Bai yi ciniki ba. Ya sayi sabon tanki, aka kafa shi a bakin ƙofarta, daidai kan shatin tsohon.

"Umma, fito ki gani."

Ta fito a hankali. Ta dubi kifin. Ta ɗaga hannu ta ƙwanƙwasa gilashin da farce.

Kifin ya firgita, ya ruga bayan dutse ya ɓuya.

"Zai saba, Umma. Ki ba shi lokaci, wallahi zai saba."

"Kyakkyawa ne, ɗana. Allah Ya yi maka albarka." Ta sauke hannunta. "Amma wannan bai san Shohag ba."

Ta juyo ta dubi Anisur.

"In na ƙwanƙwasa wa Laddu, ka zaci ni yake taso wa? Shohag yake zato. Kullum da safe sai ya taso da murna, yana cewa yau dai ya dawo. Ni da shi ne kawai muke jiransa a gidan nan. Kai ko sunansa ba ka faɗa."

"Umma, ba don na manta ba ne." Ya sunkuyar da kai. "Ba na iya kallon tankin nan ne. In na gan shi sai in ga Shohag tsugune a gabansa. Shi ya sa na..."

Bai ƙarasa ba. Ƙaton mutum ya zube a bakin ƙofar yana kuka kamar yaro, yana kiran sunan ƙaninsa, karo na farko tun da aka binne shi. Ta dafa kansa.

"Da ka gaya mini," in ji ta, "da mun zama mu uku."

Bayan ƙaramar salla ta ce tana so ta je garin Barisal wurin 'yarta, ta ɗan sha iskar kogi. Ya roƙe ta ta zauna, ta ce ba daɗewa za ta yi ba. Shi ya kai ta tashar jirgin ruwa da kansa. Da za ta hau, ya riƙe hannunta ya ce ta yafe masa.

"Na yafe maka duniya da lahira. Ba ka taɓa bari na kwana da yunwa ba, Anis."

Ita da zuciya ɗaya ta faɗa. Shi kuwa ya gaya mini babu maganar da ta taɓa ƙona shi kamar wannan, don ita ce dai maganar da yake yi a kan kifayensa.

Ba ta dawo ba. Kafin ruwan damina ya ɗauke, Allah Ya karɓi abarSa a can Barisal.

Yanzu in ka je gidansa za ka ga shamakin raga a jingine bayan kujera, ya saya bayan ba shi da sauran amfani. Bidiyon nan ya goge shi. Sabon oskan yana nan a lungu, bakin ƙofar ɗakin da ba kowa a ciki. Ya saba ɗin kuwa, kamar yadda Anisur ya faɗa. Kullum bayan sallar asuba Anisur yakan ja 'yar kujerar mahaifiyarsa ya zauna, ya ƙwanƙwasa gilashin da farce, kifin ya taso yana rausaya.

Shefali ta ce takan ji shi yana yi masa hira ƙasa-ƙasa. Labarin Shohag yake ba shi, da na Umma.

Darasi: Ciyarwa ba ita ce kulawa ba, kuma rashin jini ba shi ne zaman lafiya ba. Wanda ya yi shiru a ƙurya ba lallai ya yarda ba ne, wataƙila ya rasa inda zai tsaya ne. Kada ka raina abin da tsoho ya riƙe, ko da a idonka tarkace ne, don ba ka san wa yake gani a ciki ba. In mahaifiyarka ta faɗi magana sau ɗaya a hankali, ka ɗauke ta kamar ta yi ihu. Yau ka duba ƙuryar tankinka, ka kuma duba ƙuryar gidanka. Ka tura wannan labari ga wanda iyayensa ke raye, tun yana da sauran damar tambayarsu abin da ke ransu.